Wata na huɗu da gurzar opal: ga inda na kwana

'Yan'uwa masu koyo, barkanmu da war haka.

Ɗanyen opal ɗin (dutse mai daraja mai walwalin launuka) da na saya watan jiya na Habasha ne, irin na yankin Walo da aka gano a 2008. Giram 20 na karɓa, karat 100 ke nan, guda tara. A bidiyon da mai sayarwa ya turo, duwatsun jiƙe suke, ja da kore sai walwali. Da suka iso suka sha iskar hunturu, huɗu suka nuna tsaga. Ashe ruwa cike tsagar yake yi ya ɓoye ta. Laifina ne, ban ce ya nuna min su a bushe ba. Yanzu ko zancen kuɗi ba na farawa sai na ga dutse a bushe, an haska tocila ta bayansa.

Na Walo yana da wani hali: shan ruwa yake kamar soso. Ka jiƙa yatsa ka taɓa shi, za ka ji yana kama yatsan. Ina cikin gurza na farko ruwa na ɗiga, sai launin ya ɓace ɓat, dutse ya koma kamar fasasshiyar kwalba. Gabana ya faɗi. Bayan kwana biyar launin ya dawo da kansa. A leda na sa shi, na bar bakinta a ɗan buɗe, don bushewar gaggawa ita ke tsaga shi. Kada ku kai masa mai ko turare. In ya sha, ba ya amayarwa.

Daga baya na sayi biyu na Coober Pedy ta Ostireliya, waɗanda aka riga aka gurje fuskarsu har launi ya bayyana. Sun fi tsada a karat, amma ga ɗan koyo sun fi araha, tunda ka ga abin da ka biya. Sai dai layin launin siriri ne ƙwarai. Na danna ɗaya a faifan gurza mai lamba 280 (lambar kaushi ce, ƙarama ta fi kaushi), kafin in ankara na cinye shi, saura farin dutse.

Na biyun daga 600 zan fara, da sassauta hannu, sannan 1200 da 3000. Wanda ya taɓa manna na Walo a sandar riƙe dutse lokacin gurza ba da kaki mai zafi ba, don Allah ya faɗa min gam ɗin da ya sa.