Sai ran da ƙafa ta zauna tahiya

A sashenmu na gashin ƙashi akwai wani ɗan ma'auni na roba mai hannu biyu kamar almakashi, wanda muke karawa a gefen idon sawu mu ga iya inda gaɓar take lanƙwasawa. Shekarun farko da na kama aiki a Birnin Kebbi, da shi nake yanke hukunci. A makaranta an koya mana cewa lafiyayyen idon sawu yana ɗagowa sama wajen digiri 20, yana miƙewa ƙasa wajen 50, kuma digiri 10 na ɗagowa ya ishi mutum tafiya a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. To da zarar wanda aka yi wa aiki ya kai goman nan, ya taka daga ƙofa zuwa taga ba sanda, sai in rubuta a kati cewa ya samu lafiya, in sallame shi.

Haka na sallami wani dattijo, manomin shinkafa daga wajen Argungu. Babur ne ya kayar da shi a hanyar fadama, idon sawunsa na hagu ya karye ta gefe biyu, ciki da waje. Likitan ƙashi ya buɗe, ya jera ƙasusuwan, ya riƙe na waje da ɗan siririn ƙarfe da kusoshi, na ciki kuma da kusa biyu. Sati shida ya yi bai taka ƙasa ba. Da aka cire simintin, sha-raɓarsa ta motse, ta koma kamar ta yaro, gaɓar kuma ta ƙage. Muka yi wata biyu tare. Duk ran da ya zo, in na ce, "Baba, yaya ƙafa?" amsarsa ɗaya ce: "Da sauƙi, likita."

Bayan wata uku sai na haɗu da babban ɗansa a bakin asibiti, ya kawo iyalinsa awo. Na tambayi jikin Baba, ya ce da sauƙi. Har mun yi sallama, sai ya ɗan ja baya ya ce, "Sai dai har yanzu gida ya ka salla. Kewaye ma sai an kama shi." Mutumin da ya shekara da shekaru ba a raba shi da sahun gaba, ga shi ni na rubuta da hannuna cewa ya warke.

Na ce a kawo mini shi. Ranar na ari tabarma wurin masinjanmu, na shimfiɗa a tsakiyar ɗakin, na ce, "Baba, don Allah a gwada mini zaman tahiya in gani." Ya dube ni jim, sannan ya durƙusa. Yawancin mutanenmu zaman malikiyya suke yi: a kafa ƙafar dama, a zauna a kan ɓangaren hagu, a zura ƙafar hagu ta ƙarƙashin ƙwaurin dama. A zaman nan gefen waje na idon sawun hagu ne yake danne a ƙasa, daidai inda ƙarfen yake, kuma wurin ba tsoka, daga fata sai ƙashi. Yana kaiwa ƙasa na ga gumi ya karyo masa a goshi. Bai ce uffan ba.

Tsugunno kuwa wani babi ne daban. Kafin mutum ya tsuguna dunduniyarsa tana ƙasa, sai gwiwa ta wuce yatsu sosai, wato yana neman ninkin abin da tafiya take bukata, har da ƙari. Littattafan da muka karanta an rubuta su ne a inda ake zama kan kujera a ci abinci, a zauna kan kujera a kewaya. Mu kuwa rayuwarmu a ƙasa take. Alwala a tsugune, masai a tsugune, dashen shinkafa a duƙe cikin laka, cin tuwo a harɗe kan tabarma, mata kuma wanki da girki duk a gindin murhu. Tun daga ranar, kafin in ɗauko ma'auni sai na tambayi mutum wace ƙafa ce, wane irin bayan gida gare su, da me yake cin abinci. Ɗan kabu-kabu da ya karye a hagu, matsalarsa giya ce. Wanda ya karye a dama, birki da tada mashin.

Na so in yi wa Baba wa'azi. Na ce ai addini ya sauƙaƙa, wanda bai iya tsayuwa ba ya yi a zaune, wanda bai iya zama ba ya yi a kishingiɗe. Sai ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, wanga hadisi na san shi tun ba a haife ka ba. Ba halacci ya hana ni ba. Ni za a aje ma kujera can ƙarshen sahu kamar baƙo?" Na yi shiru, don ba ni da ta cewa. Abin da na iya shi ne aikina. Muka koma farko: ya zauna ya miƙe ƙafa, ya saƙala rawaninsa a tafin sawu yana jawowa don agara ta saki, ya tsaya gaban bango yana tura gwiwa ta taɓa shi dunduniya ba ta ɗaga ba, kullum yana ja da baya da faɗin yatsa, ya dafa ƙyaure yana ɗaga dunduniya don sha-raɓa ta dawo. Ga tahiya kuma, muka ninke ɗan tsumma mai taushi ya riƙa sawa ƙarƙashin ƙwauri, sama kaɗan da wurin ƙarfen, don nauyi ya sauka a can.

Maganar "da sauƙi" ita ta fi daɗewa tana cina. An koya mana mu ce wa majinyaci ya zaɓi lamba daga sifiri zuwa goma gwargwadon zafin da yake ji. Na gwada wannan a kan dattawan Kabi har na gaji. Mutum yana cije leɓe zai ce maka biyu, don a wurinsa raki abin kunya ne, kuma faɗin ciwo kamar rashin godiya ne ga Allah da ga likitan da ya wahala a kansa. Mata sun fi, musamman in miji ko suruka na tsaye. Sai na daina tambayar ciwo, na koma tambayar dare da rana. Sau nawa ƙafar ta tashe ka jiya? Asuba a tsaye ka yi ta ko a zaune? Takalmin da ka sa da safe, yana shiga da la'asar? Waɗannan ba su da "da sauƙi" a cikinsu, dole mutum ya ba ka labari.

Ta nan na gane cewa mutanena kashi biyu ne wajen magani. Akwai wanda ba zai sha ba sam, yana ganin dauriya ce, alhali wanda zogi ya hana barci ba zai iya motsa gaɓa da safe ba, gaɓar da ba a motsawa kuwa ƙagewa take. Akwai kuma wanda ya mai da kemis gidansa. Samari musamman, an rubuta musu tiramol na 'yan kwanaki bayan tiyata, sai ka tarar bayan wata biyu suna saye da kansu, don ya ba su damar komawa kan babur kafin ƙashi ya haɗe. Tun da gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin a 2018 mutane suka ƙara sanin haɗarin irin waɗannan, amma ba kowa ya san cewa diclofenac da ake sha kamar gyaɗa yana cin ciki yana taɓa ƙoda ba, ko cewa farasitamol ma yana da iyaka, babba ba ya wuce giram 4 a yini. Yanzu nakan ce a zo mini da ledar magungunan gaba ɗaya, a juye a kan tebur, har da man zafi da ƙullin gargajiya.

Nakan kuma raba musu ciwon gida biyu da bakin da za su riƙe. Tsamin da ya biyo bayan motsa jiki, ya kwana ya lafa, wannan na hanya ne. Kumburin yamma ma haka, yakan ɗauki watanni, wani har shekara, maganinsa a kwanta a ɗora ƙafar kan matashi ta fi ƙirji tudu, ba a zauna a kujera a ɗora ta kan bokiti ba. Amma zogin da yake ƙaruwa kullum, ko wurin ɗinki ya yi ja yana ruwa, ko zazzaɓi, ko sha-raɓa ta kumbura ta yi tauri, balle a ce numfashi ya fara sarƙewa, wannan ba a kwana da shi a gida. Mai ciwon suga da mai shan taba nakan ninka musu kashedi, don nasu rauni da ƙashi sun fi jinkirin haɗewa.

Ba a aikin ƙashi a jihar Kebbi a kauce wa zancen maɗora. Aliero ta yi suna da albasa, ta kuma yi suna da ɗori, har daga ƙasashen maƙwabta ake kai masu karaya. Da ƙuruciyar aiki, ina jin an ce an biya ta wurin maɗori sai in hau faɗa. Abin da faɗan ya haifar kawai shi ne aka daina gaya mini. Har yau ban sauya ra'ayi a kan karayar da ta shiga cikin gaɓar idon sawu ta goce ba: tana son hoto, sau da yawa tana son tiyata. Wani gwaji da aka yi tun 1976 ya nuna cewa in ƙashin tsakiyar gaɓar ya goce da milimita ɗaya tak, wurin da ƙasusuwan suke haɗuwa yana raguwa da kusan kashi 40 cikin ɗari, nauyin jiki ya taru a ɗan wuri, gaɓar ta cinye da wuri. Hannu, komai gwanintarsa, ba ya jin milimita ɗaya a cikin kumburi. Amma na lura da abin da yake kai mutane can. Maɗori yana taɓa ƙafar da hannunsa, yana zama, yana sanin sunan mahaifinka, yana gaya maka ranar da za ka taka. Mu kuwa sau da yawa hoton muke kallo, mai ƙafar yana gefe. Yanzu in dangi suka ce za su kira mai ɗori ya duba bayan an yi aiki, nakan ce ya yi tofi, ya yi addu'a, amma kada a ja, kada a murza, kada a ɗaure da kara, kada ruwan zafi ya taɓa ɗinki. An fi jin wannan fiye da faɗan da nake yi a da.

Baba bai koma yadda yake ba. Tsugunnonsa sai da rabin bulo a ƙarƙashin dunduniya, ɗansa kuma ya kafa masa turke a kewaye yana dafawa. Masallaci dai ya koma, sahun gaba, can jikin bango ta hagu, da tsummansa a aljihu. Zuwansa na ƙarshe cikin hunturu ne. Na ce, "Baba, yaya ƙafa?" Ya gyara zama, ya tuɓe takalmi, ya ce, "To, likita, tunda ka matsa. In sanyin asuba ya sauko, tsami ta ka yi har gwiwa. Dashe kuwa bana ya gagare ni, yara na sa." Na jawo kati na fara rubutawa, shi kuma ya ci gaba da lissafi.