Abin da na koya daga kiɗan György Kurtág

Da girmana na fara koyon piyano, kuma malamata ce ta ɗora ni kan Játékok, tarin gajerun kaɗe-kaɗe da György Kurtág na ƙasar Hungari ya soma rubutawa a 1973. Don yara ya fara yin su, shi ya sa wani wurin ake danna maɓallai da tafin hannu, wani wurin da dunƙulallen hannu, wani kuma a ja yatsa daga ƙasan piyano har samansa. Abin da yaro ke yi ke nan in an bar shi da piyano, Kurtág kuwa bai raina wannan wasan ba.

Wanda ya fi ba ni aiki shi ne Virág az ember. Sautuka ne 'yan ƙalilan a warwatse, wannan can ƙasa, wancan can sama. Babu saurin yatsu da zai rufa maka asiri. In ka danna da ƙarfi ya ɓaci, in ka tafi na gaba tun na farko bai gama amo ba, igiyar ta tsinke. Malamata takan sa in rera layin da baki kafin in taɓa maɓalli, in kuma bar kunne ya faɗa mini tsawon shirun da ke tsakani. Nan na gane cewa shirun ma kaɗa shi ake yi.

Da na karanta tarihinsa sai na ga tushen abin. An haife shi a Lugoj ta Romaniya a 1926, ya yi karatu a makarantar kiɗa ta Liszt da ke Budapest, inda ya haɗu da matarsa Márta. Bayan an murƙushe boren da aka yi a Hungari a 1956 ya tafi Paris, rubuta kiɗa ya gagare shi. Marianne Stein, masaniyar halayyar ɗan Adam, ta shawarce shi ya koma kan ɗan ƙaramin abu, ya haɗa sauti da sauti kawai. A 1959 ya kammala kiɗan masu goge huɗu da ya kira aikinsa na ɗaya, yana da shekara 33. Operarsa ta farko kuwa, wato wasan kwaikwayo da ake rerawa da waƙa, sai a 2018 aka nuna ta a gidan opera na La Scala da ke Milan, yana da 92.

Shekaru da dama shi da Márta suna zama kan piyano ɗaya suna kaɗa Játékok tare, har ta rasu a 2019. Yanzu ni da malamata mun shiga waɗannan na hannu huɗu, kuma mafi wuya a ciki shi ne mu sauke yatsu lokaci guda ba tare da ƙirga ba.