Matan beta biyar a tanki ɗaya

Mai sayar da kifin ado ne ya sa min abin a rai. Na je sayen abincin namijin beta da nake kiwo, wani ƙaramin kifi mai faɗa, sai na ga wasu ƙanana masu gajeren fiffike a jere cikin kwalabe. Ya ce, "Yallaɓai, ai mazan ne masu faɗa. Matan nan ko goma ka haɗa lafiya lau za su zauna." Na yarda da shi, kuma na tabbata shi ma abin da ya ji ne ya faɗa. Na sayi uku, na zuba su a tanki mai cin lita 30, babu komai a ciki sai tsakuwa da ciyawar roba ɗaya.

Ranar farko shiru. Washegari da asuba na tarar ja daga cikinsu ta buɗe kumatunta ta kumbura, ta tsare tsakiyar tankin. Kafin kwana huɗu jelar ƙaramar ta yayyage kamar tsohon tsumma, launinta ya kwashe, wasu layuka biyu masu duhu suka fito mata tun daga kai har jela. Ta maƙale bayan filta, ko numfashi za ta hau yi sai an koro ta. Wannan ne ya kashe ta. Beta yana da wata gaɓa a kai da yake shaƙar iska da ita, dole ya riƙa leƙowa saman ruwa, don haka wadda aka tsare wa sama an tsare mata rai. Yarinyata ce ta fara ganinta a kwance, ta ce, "Abba, ba ta motsi." Har yau ina jin nauyin wannan, domin ni na kulle ta da abokiyar gaba a wurin da babu mafaka.

Sai a lokacin na zauna na nemi sanin kifin. Asalinsa Tailan ne da maƙwabtanta, cikin gonakin shinkafa da fadamu masu cunkoson ciyayi, inda wanda aka kora yake da wurin ɓuya. Mutanen can sun yi ɗaruruwan shekaru suna zaɓar mafi zafin rai suna haɗa iri don wasan faɗa, kuma a 2019 gwamnatin ƙasar ta ayyana shi dabbar ruwa ta ƙasa. Jinin da ke jikin namijin shi ne a jikin macen. Gajeren fiffike yana cikin abin da ya bambanta su, kuma shi ke ƙara mata sauri.

Karo na biyu na yi shiri. Na samo tanki mai lita 100, na sa filtar soso don beta ba ya son ruwa mai ƙarfin gudu, na bar shi mako biyar babu kifi har ƙwayoyin bakteriya masu cinye amoniya, gubar da ke fitowa daga kashin kifi, suka kafu. Na cika shi da tsirrai masu rai, na kifa fasassun tukwanen ƙasa guda uku bayan na goge kaifinsu, na jefa busassun ganyen almon, itacen nan da yara ke fasa ƙwallonsa a harabar makaranta, ruwan ya yi kalar shayi. Manufar ita ce kada kifi ya iya hango ɗaya ƙarshen tankin daga inda yake. Na rufe da murfi saboda suna tsalle. Sannan na saki mata biyar a lokaci guda, da daddare, fitila a kashe, don kada wata ta riga wata mallakar wuri.

Mako guda suka yi suna gwada juna kamar kaji a sabon akurki. Jar nan ce ta sake zama babba, yara suka sa mata Magajiya. Amma da yake su biyar ne, fushinta ya rarrabu, ba ta samu guda ɗaya ta ɗora mata karan tsana ba. Wata shuɗiya kuwa ta ƙi saduda, har wata safiya na ga tarin kumfa a kusurwa ƙarƙashin ganye, irin wanda namiji kan yi don ƙwai. Na duba cikinta da fitilar waya, babu farin ɗigon nan da mace ke da shi inda ƙwai ke fita. Ashe namiji ne na irin masu gajeren fiffike da ake kira plakat. Na cire shi na maye gurbinsa da mace ta gaskiya.

Sauran kifayen da na sa musu a matsayin maƙwabta ba su ba ni wahala sosai ba. Koridoras shida, 'yan ƙananan dangin tarwaɗa, suna ƙasa suna tonon yashi, ba ruwan kowa da su. Rasbora takwas, wasu ƙananan kifaye, suna yawo a garke, sun fi beta sauri. Mazan kifin gofi ne kawai na yi nadamar sakawa, don doguwar jelarsu mai launi ta sa matan suka ɗauke su abokan hamayya, a kwana biyu na kwashe su. Kifin taiga bab da kifin zinariya ban ma gwada ba: na farkon cizon fiffike ne sana'arsa, na biyun ruwan sanyi yake so.

Wata bakwai aka yi lafiya, har na fara faɗa wa mutane cewa na gano sirrin. Sai hunturu ya shigo. Beta yana son ruwa tsakanin digiri 24 zuwa 28, ni kuwa na dogara ga hita, aka ɗauke wuta kwana biyu, ma'auni ya sauka zuwa 20. Magajiya ce ta fara kamuwa, wani farin abu kamar auduga ya fito mata a baki. Na ware ta don magani, kuma a daren nan tsarin gidan ya rushe. Huɗun da suka rage suka tashi neman sarauta, waɗanda na sani da sanyin hali suka koma cizo. Na rasa biyu a mako ɗaya, rauni da cuta suka haɗu a kansu. Da Magajiya ta warke na mayar da ita, sauran ba su ƙara yarda da ita ba.

Wanda ya tambaye ni yanzu, nakan ce masa kada ya haɗa matan beta sai yana da tankin ko-ta-kwana mai ruwa a shirye, da lokacin zama ya ƙirga su safe da yamma. Ni dai na raba nawa. Biyu kowace tana da tankinta mai lita 20 a kan kanta guda, da kwali a tsakani don kada su ga juna. Magajiya ita kaɗai ce beta a babban tankin, tare da rasbora da koridoras. Jelarta ta tofo, jan ya dawo har da sheƙi. In wuta ta ɗauke da sanyi, nakan lulluɓe tankunan da bargo in jingina musu gorar ruwan ɗumi. Da yamma yarinyata kan ɗebo tsutsar sauro daga tsohon bokiti a bayan gida, ta ɗora a kan yatsa, Magajiya ta taso daga cikin ganye ta cafke.