Ranar ɗigo a unguwarmu

Tawa, Asabar da dare.

Tun jiya mai shela ya zagaya da lasifika cewa za a bi gida-gida ɗigon shan-inna, duk yaron da bai kai shekara 5 ba a tsare shi gida. Yau babu lakwal, sai na zauna zaure ina gyaran takardun ɗalibai. Da hantsi suka iso, mata biyu, ɗaya rataye da akwatin sanyi, ɗaya riƙe da takarda da alli. Namu bai ɗau lokaci ba. Auta ta buɗe baki, ɗigo biyu, ta yamutsa fuska, aka shafa mata tawada a farcen ƙaramin yatsan hagu, aka yi rubutu da alli jikin ƙofa, suka wuce.

Gidan Kawu ke biye da namu, katanga ɗaya ta raba mu. Ina jin sallamarsu, ina jin ya fito da kansa. Bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Ƴaƴana, Allah ya yi muku albarka, ku yi gaba. Nan ba a shiga." Babbar cikinsu ta yi ta "Baba, don Allah", har ta gaji ta rubuta abin da za ta rubuta. Ƙanana huɗu ke cikin gidan nan, biyu na amarya, biyu jikoki.

Bayan la'asar na shiga gaishe shi. Kawu ƙanin mahaifiyata ne, shi ya ɗauki nauyin karatuna, kuma ba mutum ne da za a ce duhun kai ya hana shi ba. Ya tsufa cikin fataucin albasar Galmi, ya san Konni da Sakkwato da Kano, rediyo ba ya rabuwa da kunnensa. Na zauna ƙasa-ƙasa na kawo maganar a hankali.

Ya ce, "Mushe," wato malamin lakwal, haka yake kirana in zai tsokane ni, "gidan nan wa ya gina? Yaran nan wa ke ciyar da su?" Sai ya shiga labarin damina, lokacin da zazzaɓi ya kwantar da jikansa. An ce tun 2006 lafiyar yaro ɗan ƙasa da shekara 5 kyauta ce a ƙasar nan, amma da suka je gidan likita takarda aka rubuto musu, ya je ya sayo magani da kuɗinsa. "Ciwon da nake gani da idona sai na biya. Wanda ban gani ba shi ake biyo ni da shi har ɗaka, kyauta, ana roƙona. Kai ba ka tambayar dalili?" Daga nan ya tsallaka Kano, shekarar sanƙarau ta 1996, da gwajin maganin kamfanin Pfizer a kan yara wajen 200, inda 11 suka rasu. Wannan ya faru, ba ni da bakin musawa.

Abin da na iya faɗa masa shi ne, da ciwon zai tsaya kan wanda ya ƙi, da babu mai ja da shi. Shan-inna ta bayan-gida take bi, ta hannu da ruwa da abinci. Cikin yara 200 da ƙwayar ta shiga jikinsu, kusan ɗaya ne ƙafarsa ke shanyewa, yawancin sauran suna yawo da ita lafiya lau suna rabawa. Na nuna masa lambatun da ke fitowa ƙarƙashin katangarsa ya bi tsakiyar lungu, wurin da yaransa da nawa da jaririn mai waina ke wuni. Na tuna masa 2003, da aka dakatar da ɗigo a Kano har cikin 2004, cutar ta bazu ƙasashe da dama, mu da ke bakin iyaka muna cikin waɗanda suka sha. Yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar ta shanye a Nijar, a 2012, ɗan jiharmu ta Tawa ne.

Ya ce to ai rediyo ya faɗa a 2020 cewa Afirka ta rabu da ita, me kuma ake nema? Tambaya ce mai kyau, amsarta ce ba ta da daɗin faɗa. Ƙwayar da ke cikin ɗigon an raunana ta ne, amma in ta samu unguwar da yara da yawa ba su da rigakafi, takan daɗe tana zagayawa har ta sake yin ƙarfi. Kawu ya yi dariya har da tafa cinya. "Ashe maganin naku ma ciwo ne." Na ce gidajen da ke rufe ƙofa su ke ba ta wurin zagayawa. Ya ce in sha furata.

Da magariba a fada maganar ta sake tashi wajen shayi. Wani matashi ɗan kabu-kabu ya ce shi da shi ne hukuma, jandarma zai sa gaba, duk wanda ya ƙi a ɗaure. Nan kam ban bi shi ba. Mun ga 2020 da idonmu, lokacin korona. An sa dokar hana fita a Yamai daga ƙarfe 7 na yamma zuwa 6 na safe, an hana jam'i a masallatai, sai ga ƙone-ƙonen tayoyi a unguwar Lazare ta Yamai, tarzoma a Mirriya, har Illela nan jiharmu. Ranar 13 ga Mayu aka buɗe masallatai, amma zargin da ya shiga zukata bai fita ba, har allurar yara ya shafa. In aka tsallaka zauren Kawu da bindiga, yara huɗu za su samu ɗigo yau, zagaye mai zuwa kuma lungun nan kaf a ɓoye yara cikin rumbu. Duk da haka ba zan ce Kawu yana da gaskiya ba. Ikonsa a kan gidansa ne, ƙafar jaririn mai waina ba ta cikin abin da ya mallaka.

Da na dawo, uwargida ta ce amaryar Kawu ta leƙo ta katanga da rana, tana tambaya ko za a iya ɗiga wa nata biyun a gidanmu ba tare da an shafa tawadar ba. Na ce kada ta sa mu cikin wannan. In ya gane, auren yarinyar ne zai girgiza, mu kuma zumunci ya lalace. Mai unguwa ya aiko cewa gobe bayan azahar zai zo da liman su zauna da Kawu, ya ce in kasance wurin. Aikin sai Litinin zai ƙare, akwai sauran kwana biyu.