Abin da dosiyen matan albasa ya koya mini

Ƙarshen watan nan zan ajiye aiki a ƙungiyar da na daɗe ina yi wa hidima a jihar Tawa. Ƙannena da suka shigo bayana sun matsa in rubuta musu wani abu game da haɗa dosiyen neman tallafin noma. Cika takardu da jera su kun riga kun iya. Abin da zan faɗa ba a kawo shi a zauren horo.

Tun da aka kafa FISAN, asusun gwamnati na tallafa wa noma da wadatar abinci, a 2017, ƙarƙashin shirin 3N na ƴan Nijar su ciyar da ƴan Nijar, yawancin tallafin da ke isa hannun manomi ba kyauta ba ne zalla. Tsarin da muka fi sabawa da shi: manomi ya kawo kashi 10 cikin ɗari daga aljihunsa, a ba shi kashi 40 kyauta, sauran kashi 50 kuma bashi ne na banki ko asusun rance, da ruwansa da wa'adinsa. Idan mun je ƙauye, kashi 40 ɗin muke faɗa da babbar murya. Kashi 50 ɗin sai mu ambace shi muna naɗe tabarma. Alhali shi ne zai kwana a gidan manomi bayan motarmu ta juya.

Akwai wata ƙungiyar mata a kwarin Magiya, masu noman albasa a lokacin rani. Na zauna da su, na tambayi abin da ke damunsu, bakinsu ya zo ɗaya: wurin ajiya. Duk wanda ya san albasar Galmi ya san dalili. A watan Maris da Afrilu kowa ke cire tasa, kasuwa ta cika, dillalai su sa farashin da suka ga dama, manyan motoci su yi lodi zuwa Abijan da Akra. Wanda ya iya riƙe buhunsa har damina ta yi nisa shi ke cin ribar noman, don kuɗin buhu kan ninka. Amma rudun kara da ciyawa da suke da shi, da zarar iska ta yi laima sai ruɓa ta shiga. Sito suke so mai shan iska, mai katakai hawa-hawa. Shi na rubuta, na kuma sa wa'adin biyan bashin ya faɗo bayan sun sayar da ajiyarsu.

Dosiyen ya shiga ofishin maigidanmu, ya fito wani abu dabam. An cire sito, an sa injinan ban ruwa da faɗaɗa garka. An ƙara yawan buhunan da eka za ta bayar. Abin da ya fi tayar mini da hankali, an yi lissafin riba da farashin lokacin tsada, amma an maido da wa'adin biya lokacin cira. Na shiga na same shi, na ce: "Ranka ya daɗe, matan nan ruwa bai dame su ba, rijiyoyinsu ba su da zurfi. In muka ƙara musu albasa ba wurin ajiya, asara muka ƙara musu." Bai ɗago kai ba. Ya ce masu ba da kuɗi eka suke ƙirgawa da injina, sito ba ya ƙara eka a rahoton ƙarshen shekara. Ya ce ni an ɗauke ni in rubuta ne, ba in ba da shawara ba.

Na ƙi kai takardar ƙauye. Sai ya tura wani yaro sabon ɗauka da shafin ƙarshe kaɗai, shafin dangwala yatsa. Matan suka dangwala, a zatonsu sitonsu ne. Babu mai karanta Faransanci a cikinsu, ko da akwai ma, shafukan da ke da magana an bar su a Tawa.

Kuɗi suka fito, aka kawo injina, aka ɗauki hoto. Albasa ta yi kyau a shekarar, wannan ba zan ɓoye ba. Amma inji man fetur yake sha, man kuma daga aljihunsu. Da wa'adi ya zo, kasuwa na ƙasa, suka sayar da komai a bakin garka, kuɗin bai rufe bashin ba. Wasu suka kai awakinsu kasuwa. Wata ta kira ɗanta da ya tafi bida ƙasar waje ya aiko. Da na koma garin, shugabarsu, dattijuwa mai kamun kai, ba ta ɗaga mini murya ba. Ta ba ni ruwa, ta bari na sha, sannan ta ce: "Ɗana, mu sito muka ce maka." Na ce: "Inna, wallahi shi na rubuta." Ta yi shiru. Fuskata ta sani, ni na zauna a tabarmarta. Maigidan bai taɓa taka garin ba.

A taron bitar shekara, gaban baƙi daga Yamai, ya miƙe ya ce matsalar ta fito ne daga raunin binciken ma'aikacin ƙauye. Sunana ne a bangon dosiyen. Babu wanda ya tambaye ni komai, ni kuma da iyali a wuyana ban ce uffan ba. Har yau idan na tuna zaman nan raina yana ɓaci, kuma ban ga dalilin da zai sa in ce ya wuce ba, tunda ba a taɓa ba matan haƙuri ba.

Daga ranar na kafa wa kaina doka, kuma ita nake so ku riƙe. Dosiye ba ya barin hannuna sai na koma garin, na tara mutanen, na karanta musu shi da Hausa tun daga shafin farko: nawa za su kawo, nawa ne bashi, nawa ne ruwansa, wane wata za a zo karɓa, me zai faru in ba su biya ba. Ina faɗin kuɗin da jika da dala yadda suke lissafi, don miliyan a takarda ba ta shiga kunnen kowa. An sha ce mini ina jan aiki. Wasu ƙungiyoyin ma da suka ji lissafin sun ce sun fasa, aka ɗora mini laifin rage yawan masu amfana. Amma cikin waɗanda suka amince bayan sun ji, ban sake ganin wadda ta sayar da dabbarta don biyan bashin da na rubuta ba.

Sauran darussan gajeru ne. Kada ku haƙa rijiya ko ku kafa shinge a gonar aro ba takarda. Dokar karkara ta 1993 ta tanadi kwamitocin kula da filaye, COFO, waɗanda aka kafa tun daga ƙauye har gunduma. A je a rubuta aron da yawan shekarunsa, don mai gona yakan tuna da gonarsa ranar da ya ga ruwa a cikinta, kuma mata abin ya fi ci. Ƙungiyar da aka haɗa dare ɗaya saboda an ji labarin kuɗi, ko ta sami takardar SCOOPS, wato rajistar ƙaramar ƙungiyar haɗin kai a ƙarƙashin OHADA, dokar kasuwanci ta bai ɗaya ta wasu ƙasashen Afirka, ba ta kai shekara. Ku nemi littafin tarukanta da na adashinta. Lissafin kuɗin noma ku ɗauko daga takardun RECA, haɗakar zaurukan manoma ta ƙasa, da na zauren manoman jiha, ku gwada da bakin manomi, kada ku ƙirƙira a ofis. Kuɗin da ya zo bayan an wuce dashe gara a ɗaga shi zuwa baɗi.

Kada kuma ku sa kowa ya tara kashi 10 ɗinsa kafin amincewa ta zo a rubuce. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da masu ba da tallafi da dama suka dakatar da kuɗinsu, na ga mutanen da suka riga suka sayar da raguna suna zaman jira.

Maigidan yana nan kan kujerarsa, kuma da shi za ku ci gaba da aiki. Duk dosiyen da kuka miƙa masa, ku ajiye kwafinsa da kwanan wata a wurinku, ku ba shugaban ƙungiyar manoman nasa, kuma idan ya dawo daga ofishinsa ku sake karanta shi shafi-shafi kafin ya tafi ƙauye.