Daukar kukan tsuntsu da waya a Legas

Mafi yawan masu gwada daukar kukan tsuntsu a Legas suna komawa gida ne da karar janareta da hon din motocin haya na danfo. Ba wayar ce ta gaza ba, lokaci da wuri ne ba a zaba da kyau ba.

Da an sallame sallar asuba ake fita, kafin titin Agege ko Mile 12 ya farka. Tsuntsaye sun fi kuka daga ketowar alfijir zuwa wajen karfe 7, kuma safiyar Lahadi ta fi kowace shiru. Bakin ruwan Jami'ar Legas a Akoka yana da dama-dama. Gandun Lekki, mai hekta 78 da kungiyar kare muhalli ta NCF ta kafa a 1990, ya fi yawan tsuntsaye, sai dai a guji ranakun hutu saboda hayaniyar masu yawon bude ido.

A sa wayar a yanayin jirgi, a zabi manhajar da ke dauka a tsarin WAV, wanda ba ya matse sauti, a kan 48kHz, domin MP3 da sakon murya na WhatsApp suna matse sauti su zubar da siraran muryoyi. Makirfon yana gindin waya, shi za a nuna wa tsuntsun, a juya wa titi baya. Iskar teku tana bata dauka, dan soso a bakin makirfon yana rage ta. Matsowa ya fi kara murya amfani: duk lokacin da aka rage nisa da rabi, sautin yana karuwa da kusan desibel 6 a ma'aunin karfin sauti, amma kara murya har da janareta yake dagawa. A dauki akalla minti daya ba motsi, sannan a fadi wuri, kwanan wata da lokaci a karshe.

Kurciya da ragon maza su ne masu wuya. Kukansu kasa-kasa ne, kusa da gurnanin injin, don haka duk tacewar da za a yi a kwamfuta sai ta yanke har da tsuntsun. Maganin kawai shi ne a canza wuri. Shirwa kuwa, wadda ke cika sararin Legas da rani, kukanta siriri ne, yana fita ko da akwai hayaniya.

Abin da ba na goyon baya ko kadan shi ne kunna wa tsuntsu kukan dan uwansa don ya fito. Yana dauka abokin gaba ne ya shigo, ya bar sheka da kwai yana neman fada, hankaka kuma na gefe yana jira.

A dora abin da aka dauka a shafukan intanet na tara bayanan tsuntsaye, Xeno-canto ko eBird, masu bincike irin na cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos suna amfani da irin wadannan bayanai. Amma in aku ne ko ungulu, a boye ainihin wurin. Tun 2017 aka haramta cinikin akun daji tsakanin kasashe, ungulu kuma ana farautarta don kasuwar magani, kuma masu tarko ma suna da intanet.