Wannan hancina ne?

Yau na raka Yaya asibiti, ranar farko da za a fara yi wa ɗanta gashi da na'ura, wato haska masa haske mai ƙarfi don ƙona ƙarin da ke cikin kansa. Shekararsa bakwai. Kafin a shiga da shi aka ɗauko wani abin rufe fuska mai huji-huji kamar raga, wanda aka yi daidai da fuskarsa, ana maƙala shi a jikin gado don kada kan ya motsa ko kaɗan. Ya karɓa ya jujjuya, ya taɓa tudun tsakiyar ya ce, "Mama, wannan hancina ne?" Muka yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki ba.

DIPG suke kiran ciwon. Ƙari ne na daji da ke tsirowa a gindin ƙwaƙwalwa, inda ake sarrafa numfashi da haɗiya da motsin ido, kuma ya cuɗe da jijiyoyin wurin, shi ya sa wuƙa ba ta shiga. Ido ɗaya ne ya fara karkacewa, sai tafiya ta koma tangaɗi, hoton MRI ya nuna sauran. Likita bai ɓoye mana komai ba: gashin mako 6 ne, yakan sa alamun su lafa na 'yan watanni, amma yawancin yara ba sa cika shekara bayan an gano shi. Yaya ba ta yi kuka ba. Tambaya ɗaya ta yi, ko zai iya komawa makaranta. Ya ce in ƙarfi ya dawo, ya koma. Tun da muka fito ba abin da nake tunani sai inda muka ajiye jakar makarantarsa.